RA'AYINMU: RUWA BA YA TSAMI BANZA

Shekarar 2026 ta haɗa tunawa biyu waɗanda ba kasafai akan ambace su a zama ɗaya ba. A cikinta ne ƙasar Amurka ke cika shekara 250 da shelar ɓallewarta daga mulkin Ingila, wadda aka yi ran 4 ga Yuli, 1776. A cikinta ne kuma ake cika shekara 120 da ƙone Satiru da yaƙin Haɗejiya, inda sojan Ingilar nan dai suka zubar da jinin kakanninmu a watan Maris da na Afrilu, 1906. Ta farko duniya duka ta san da ita, domin masu ita suna da kakaki da tambari. Ta biyu kuwa, ko a nan cikin jami'a da wuya ka tarar da ɗalibin da zai ba ka labarinta tiryan-tiryan, in ba ɗan sashen tarihi ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne shekarun da suka gabaci harbin farko. Masu ba da labari sun fi son ranar yaƙi, domin a nan ƙura take tashi. A ganinmu kuwa darasin yana can baya, lokacin da mai mulki yake da damar saurare ya toshe kunne, wanda ake mulka kuma yake da damar shiri, ko ya yi ko ya yi sakaci.

Mu fara da na nesa. Sa'ad da Ingila ta gama yaƙin shekara 7 da Faransa a 1763, ta fito da nasara, amma da bashi har wuya. Sai majalisar Landan ta waiwayi yankuna 13 da Turawa 'yan kaka-gida suka kafa a gaɓar gabashin Amurka, ta ce tun da har da kare su aka yi yaƙin, to, su ma su sa hannu a aljihu. A 1764 aka tsananta karɓar kuɗin fito a kan sukari. A 1765 aka kafa Dokar Hatimi, wadda ta ce jarida, da takardar shari'a, da lasin, har da katin karta, babu wanda zai halatta sai da hatimin gwamnati da aka saya da kuɗi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya ɓata wa mutanen rai shi ne ba su da wakili ko ɗaya a majalisar da ta yanka musu su. Wakilan yankuna 9 suka taru a Niyok a watan Oktoba na shekarar, suka rubuta koke, 'yan kasuwa kuma suka ƙaurace wa hajar Ingila. A 1766 aka soke dokar, amma a rana guda majalisa ta kafa wata mai cewa tana da ikon yi musu doka a kan kowane al'amari. Watau an zare ƙaya, an bar tsininta a ƙafa.

Daga nan sai abu ya yi ta hauhawa. A 1767 aka sa haraji kan gilashi, da darma, da fenti, da takarda, da ganyen shayi. A 1768 aka girke soja a cikin birnin Bostan. Ran 5 ga Maris, 1770, sojan suka buɗe wuta a kan taron jama'a, mutum 5 suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, wanda ke da jinin Afirka. Aka janye sauran harajin, aka bar na shayi da gangan don a nuna wanda ke da iko. Ran 16 ga Disamba, 1773, mutanen Bostan suka hau jirage suka zubar da akwati 342 na shayi a teku. Landan ta rama da rufe tashar jiragen birnin a 1774, ta tauye majalisar yankin, ta naɗa janar na soja gwamna. A watan Satumba wakilan yankuna 12 suka taru a Filadelfiya. A majalisar Ingila kanta an sami irin su Edmund Burke da suka roƙi a sasanta, aka rinjaye su. Ran 19 ga Afrilu, 1775, bindiga ta tashi a Lexington. Shekara 12 ke nan tun daga ƙarshen yaƙin Faransa, kuma babu shekarar da ta wuce ba tare da gargaɗi ba.

Amma fa kada ɗan'uwa ɗalibi ya ruɗu ya ɗauki waɗannan mutane a matsayin abokan wahalarmu. Baƙi ne da suka zauna a ƙasar wasu, kuma ɗaya daga cikin koke-kokensu shi ne shelar 1763 da ta hana su ƙetare duwatsu zuwa yamma su mamaye filayen 'yan asalin ƙasar. Sa'ad da suke kukan 'yanci, kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar a yankunan bawa ne da aka kwaso iyayensa daga nahiyarmu, Thomas Jefferson da ya rubuta shelar ɓallewar ma ubangijin ɗaruruwan bayi ne. Ƙa'idar da suka tsaya a kanta dai gaskiya ce, cewa ba a taɓa dukiyar mutum sai da yardar wakilinsa, ko da yake su da kansu ba su yi wa na ƙasa da su aiki da ita ba.

Yanzu mu dawo gida. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ta bi ta ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na 1 ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. A jawabin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato wajen naɗa Attahiru na 2, bai ɓoye kome ba. Ya ce abin da Fulani suka ci da yaƙi yanzu ya koma hannun Ingilishi da yaƙi, watau ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon yanka haraji, da ikon ƙasa. Mutanen Bostan suna kukan rashin wakili, kakanninmu kuwa ko tambayarsu ba a yi nufin yi ba. Aka sa wa fatake kuɗin fito a kan hanyoyin da suka gada suna bi. Aka haɗe kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen gargajiya a ƙarƙashin idon Razdan, gwamnati na ɗaukar kasonta. Aka riƙa tara talakawa ɗaukar kaya, da ginin bariki, da kafa turakun waya. Dokar hana kamun bayi da cinikinsu alheri ce, ba mu musun wannan, amma ta girgiza tattalin fada, ta kuma sa bayi da yawa suka gudu suna neman mafaka, Turawan da suka kafa dokar kuma suka koma suna taya iyayengiji tsare su don kada noma ya tsaya.

Haɗejiya ba a ci ta da yaƙi a 1903 ba. Gari ne mai ganuwa mai kauri da dawaki masu yawa, wanda tun zamanin Sarki Buhari, a tsakiyar ƙarni na 19, ya taɓa juya wa Sakkwato kanta baya. Sarki Muhammadu, wanda ya hau gado a 1885, ya karɓi Turawa da baki, ya ci gaba da mulkinsa kamar yadda ya saba. Su kuwa suka fara zama a Katagum, sa'an nan a 1905 suka matso suka kafa bariki a bayan ganuwar Haɗejiya, ƙarƙashin Kyaftin Phillips, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi. Tun daga ranar aka sami iko biyu a gari ɗaya, alhali kuwa zakara biyu ba sa cara a akurki guda. Fada na ganin ba a ci ta ba, don haka babu mai ba ta umurni. Bariki na ganin takardar Landan ta riga ta ba shi ƙasar. Rahotannin Turawa na lokacin cike suke da ƙorafin cewa Sarki da manyan bayinsa da jarumawansa ba su ba da haɗin kai, kowane jinkiri kuma sai a rubuta shi da sunan raini. Shekara 3 ana wannan zaman doya da manja, kowa na auna ƙarfin ɗan'uwansa.

Ana cikin haka sai labarin Satiru ya iso. Satiru ƙauye ne mai nisan mil 14 kudu da Sakkwato, matattarar malamai da talakawa da bayin da suka tsere, mutanen da suka ƙi biyan haraji, suka ɗauki zuwan Nasara a matsayin alamar ƙarshen zamani. A 1904 an kama shugabansu bisa da'awar Mahadi, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Mahukunta suka ɗauka magana ta mutu. A farkon 1906 Ɗan Makaho, malamin da ya gudo daga tawayen da aka yi wa Faransawa a ƙasar Zabarma, ya iso garin. Ran 14 ga Fabrairu mukaddashin Razdan, Hillary, ya tafi da sojan doki don ya kamo shugabannin. Mutane riƙe da fartanya da gatari da kwari da baka suka auka musu, suka kashe Turawa 3 da soja 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ran 10 ga Maris rundunar Manjo Goodwin, tare da dawakin Sakkwato, ta komo. An kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka la'anci kufansa. Kisan ya yi munin da har Winston Churchill, wanda ke ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya nuna ƙyamarsa a rubuce.

Tsoron da Satiru ta jefa a zuciyar Lugga shi ya yanke wa Haɗejiya hukunci. A watan Afrilu Kanar Lowry Cole ya taso daga Kano da ɗaruruwan soja, da igwa, da bindiga mai ruwa. Aka aika wa Sarki sharuɗɗa, ciki har da ya miƙa waɗansu manyansa. Amsar fada ita ce marin ɗan aiken. Ran 25 ga Afrilu, 1906, aka gwabza, daga ƙofar gari zuwa lungu-lungu har ƙofar fada, inda Sarki Muhammadu ya faɗi tare da 'ya'yansa 3 da jarumawansa masu yawa. Shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Turawa suka naɗa ɗansa Haruna. A 1907 kuma, bayan Lugga ya bar ƙasar, aka soke kuɗin fiton fatake, abin da da an so da an yi shi tun babu gawa ko ɗaya.

Mu 'ya'yan Kiyako da Birnin Kudu da Gwaram ma ba sai mun je Sakkwato neman misali ba, kuma ba sai mun jira Bature ba. Wajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, aka nemi kuɗin ƙasa daga malaman Tsakuwa, su kuwa suka ce ba a kansu yake ba. Maimakon a zauna a warware, sai aka matsa. Malam Hamza ya kwashi jama'arsa ya shige duwatsun Ningi, ya haɗa kai da Butawa da Warjawa da maƙwabtansu. Abin da ya biyo baya shi ne harin Ningawa na sama da shekara 50 a kudancin ƙasar Kano, wanda Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙinsa bai ga bayansa ba. Wanda ya yanka harajin yana birni bayan ganuwa. Wanda aka ƙone wa rumbu, aka kama wa 'ya'ya, manomin wannan yanki namu ne, wanda ba da shi aka yi gardamar ba.

To, me muka tsinta a cikin wannan duka? Na farko, yawan abin da aka karɓa bai kai yadda aka karɓe shi ciwo ba. Talaka ya saba da ba da zakka, da gayya, da gudummawar biki, kuma yakan ba da abin da ya fi haraji yawa in ya san inda za shi, aka kuma nemi yardarsa. Karɓa da gadara ita ce ke mai da kwabo ya zama dutse a zuciya. Na biyu, mai mulki yakan ɗauki shiru a matsayin yarda, in kuka ya fito kuma sai ya aika da soja inda ya kamata ya aika da mai saurare. Sojan da aka girke a Bostan a 1768 da barikin da aka kafa a Haɗejiya a 1905 duk an kawo su ne da sunan kwantar da hankali, duk kuma su suka kusantar da ranar jini. Ba muna cewa da Lugga ya saurara da mulkin mallaka ya halatta ba, domin ƙwace ƙwace ne ko da an yi shi da fara'a. Muna cewa ne gwamnatin da jama'a suka zaɓa ba ta da uzurin yin halin wanda ya ci ƙasa da igwa.

Na uku ya shafe mu, mu masu zafin jini. Amurkawa sun kai gaci, Satirawa sun ƙare a toka, ba kuwa don waɗancan sun fi waɗannan jarunta ba. Waɗancan sun yi shekara 12 suna da majalisu, da jaridu, da kwamitocin da ke musayar wasiƙu gari zuwa gari tun 1772, sun gwada koke da ƙauracewa kafin makami, ga teku tsakaninsu da Landan, ga Faransa da ta shigar musu a 1778. Satiru ta tashi ita kaɗai, sarakuna suka taya Bature murƙushe ta. Haɗejiya ta tsaya ita kaɗai bayan wata guda da rabi, babu masarautar da ta kawo mata doki ko ɗaya. Abin da ya fitar da Bature daga ƙarshe shi ne jam'iyya da jarida da ƙuri'a. Samarin da suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, amma harajin da gatarin Satiru bai iya kayarwa ba, ƙuri'ar talakawa ta kayar da shi a 1979, lokacin da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Iyayenmu a wannan yanki, wanda a lokacin yake cikin Jihar Kano, shaidu ne.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne. To, a watan Afrilu, 1978, ƙarin sule biyar a kuɗin abincin ɗalibi na yini, wanda aka yanke ba tare da an zauna da ƙungiyar ɗalibai ba, shi ya jawo zanga-zangar da aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Ran 29 ga Mayu, 2023, da jimla ɗaya a jawabin rantsuwa aka cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500. Wata 14 jama'a na nishi. Ran 1 ga Agusta, 2024, nishin ya fito titi, aka yi asarar rayuka da dukiya, aka kafa dokar hana fita a Kano da Jigawa da wasu jihohi, a watan Nuwamba kuma ƙasa duka ta ga ƙananan yara suna sumewa a gaban kotu a Abuja kafin a ba da umurnin sakinsu. Kwatanta wannan da dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni, 2025. Su an kai su majalisa, gwamnonin Arewa suka yi tsaye, aka yi watanni ana ja-in-ja a fili, aka gyara tsarin rabon, harajin sayen kaya ya tsaya a 7.5 cikin ɗari. Mutum na iya ƙin sakamakon, amma babu wanda aka binne saboda muhawarar.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomi, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, da su tuna cewa hannun da ya karɓa shi ake tambaya. A kafa allo a ƙofar kowace kasuwa, daga Babaldu har Sara, a rubuta da Hausa, boko da ajami, nawa ne kuɗin rumfa, nawa ne na buhu, nawa ne na kan dabba. A ba da rasit ga duk wanda ya biya. A ƙarshen wata a karanta wa 'yan kasuwa abin da aka tara da abin da aka yi da shi. Wannan ba ya bukatar kwangila, niyya kawai yake bukata.

Muna kira ga hukumomin jami'o'i da kada a yanke ƙarin kuɗin makaranta ko na ɗakin kwana sai an shimfiɗa lissafin a gaban wakilan ɗalibai, kuma kada a saki sanarwar irin wannan ana tsakiyar hutu. Ɗalibin da ubansa ya sayar da buhun gero ya turo shi yana da hakkin sanin dalili. Rushe ƙungiyar ɗalibai in ta yi magana kamar fasa ma'aunin zafi ne don a warkar da masassara. Matsalar da tebur zai iya kashewa kada a gayyato mata mai bindiga.

Mu kanmu kuma, 'yan'uwa ɗalibai, ƙa'idar nan ta hau kanmu. Ƙungiya tana karɓar kuɗin ɗalibai, don haka wajibi ne kowane zango ta manna lissafinta a allon sanarwa inda kowa zai gani, domin wanda ke neman gwamna ya yi bayani dole ya fara da nasa asusun. Kafin mu fita titi mu tabbata mun rubuta kokenmu, mun san alƙalumanmu, mun tuntuɓi 'yan'uwanmu na sauran makarantu, mun kuma shirya yadda za mu hana ɓata-gari fakewa da mu, gama shagon da aka fasa na talaka ne, yaron da harsashi ya samu ma ɗan talaka ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. In hutu ya zo kuma, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban tsofaffin garinsu, ya rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da harin Ningi, da aikin tilas, da ranar da ɗan doka ya zo karɓar haraji. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ya kawo.

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Satiru da Haɗejiya, ya ba shugabanninmu kunnen saurare tun ana magana a zaune, mu kuma ya ba mu haƙurin shiri da ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, amin.